Tokar Kwal a Ruwan Sha: Wane Gwaji Ya Cancanci Kuɗinku?

Idan ƙungiyarku na zargin tokar tashar lantarki mai ƙona kwal ta shiga rijiyoyi ko gonaki, ku fara tsayar da abin da kuke nema kafin ku taɓa asusu. Sanin cewa akwai guba a ruwa daban ne da tabbatar da inda ta fito, kuma kowanne da kuɗinsa.

Mafi araha shi ne ɗan akwatin gwajin asenik, wani sinadari mai guba da ake samu a tokar kwal. A zuba ruwan a kwalba, a sa hodar sinadari, a jira takardar gwajin ta sauya launi, sai a gwada da jadawali. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa iyakar asenik a ruwan sha a maikirogiram 10 cikin lita ɗaya. Akwatin yana da kyau wajen ware rijiyar da za a daina sha, amma asenik kan fito daga duwatsun ƙarƙashin ƙasa ma, don haka ba zai zama hujja a kan kowa ba.

Sai na'urar hannu ta XRF, mai gano sinadarai da hasken X-ray, irin wadda aka yi aiki da ita a ƙauyukan Zamfara lokacin gubar dalma ta 2010. A ɗora bakinta kan ƙasa, cikin minti ɗaya ta nuna dalma da asenik. Kuɗinta dubban daloli ne, ba ta da ƙarfi a kan ruwa, kuma ba ta ganin boron, sinadarin da ke taimakawa wajen gane sawun tokar kwal. Ni dai ina ganin haya ta fi saye.

Inda nake so ku zuba kuɗin shi ne gwajin aisotof a ɗakin gwaji, wato auna nau'o'in sinadari guda masu bambancin nauyi. Bayan madatsar toka ta fashe a Kingston da ke jihar Tenesi ta Amurka a Disambar 2008, masanan Jami'ar Duke sun nuna cewa sinadaran boron da sitirontiyom na tokar kwal suna da tambarinsu, tamkar zanen yatsa. Boron mai nauyi ya yi ƙaranci a tokar idan aka kwatanta da na yawancin ruwa, shi ya sa ake gane sawunta ko ta gauraya da kogi. Gwajin na da tsada, yana ɗaukar makonni, sau da yawa ma sai an aika samfur ƙasar waje.

Kafin ku biya, ku tambayi ɗakin gwajin ko aisotof suke aunawa ko yawan sinadari kawai. Ku haɗa musu da samfurin tokar kanta, da ruwan wata rijiya can nesa wadda ba a zargi, domin da su za a kwatanta. Kwalaben su zama na roba, don gilashi kan saki boron cikin ruwa.