MikroTik hEX a ofishinmu na Kawo

Ni ke kula da intanet a wani ɗan ofishi a Kawo, kuma MikroTik hEX, na'urar rarraba intanet (router), ta rage mini yawan kiran ƙorafi. Ƙofa biyar ta sa kebul gare ta, duk masu saurin gigabit, amma fa babu Wi-Fi. Tana aiki da batir mai volt 12, ko an ɗauke wuta tana nan daram.

In saiti ya dagule har 192.168.88.1, adireshin shiga saitinta, ta ƙi buɗuwa, kada ka yi gaggawar goge komai. Sa kebul daga kwamfutarka a ƙofa ta biyu, ka buɗe Winbox, manhajar saita MikroTik, ka shiga ta lambar MAC, wato lambar shaidar na'urar. Kafin ka taɓa firewall kuwa, wato katangar tsaron na'urar, danna Safe Mode a Winbox. In ka kulle kanka a waje, da kanta za ta mayar da tsohon saitin. Sai dai sabon shiga zai yi gumi kafin ya saba da RouterOS, manhajar da ke tafiyar da na'urar.