Famfon sola da muka saya wa Baba a kasuwar Taminus ta Jos

Jama'a masu tambayata a kan famfon ban ruwa mai sola ɗin nan, yanzu ya yi rani ɗaya cur a gonar Baba a wajen Bokkos ta jihar Filato, to bari in faɗa muku abin da na gani da idona.

Abin da ya sa muka saya shi ne damina ta daina riƙe alkawari, ruwa ya sauka a yi shuka sai ya ɗauke sati biyu ko uku, in kuma ya dawo da ƙarfi ga hazo da sanyi sai cutar nan mai ƙone ganyen dankalin turawa ta cinye gona cikin 'yan kwanaki, shi ya sa noman rani ne ke ceton gida yanzu. Kuma tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023 injin fetur ya zama wahala, Baba sai ya sayar da buhun masara kafin ya ba dankali ruwa.

A wani shago kusa da Taminus muka same shi, fanel huɗu da famfo da tiyo. Muka kafa shi bakin tsohon ramin kuza da ke riƙe ruwa har rani. Wallahi ranar farko da ruwa ya fito ba ƙara ba hayaƙi Baba tsayawa ya yi riƙe da tiyon yana ta cewa "ikon Allah", har maƙwabtansa biyu yanzu da shi suke ba kabejinsu da karas ruwa.

Amma gaskiya yana da matsala. Da safe ba shi da ƙarfi sai wajen goma zuwa uku na rana, in hunturu ya zo ƙura ta rufe fanel dole kullum a goge da tsumma. Ba batir, rana ta faɗi aiki ya tsaya. Kuma kullum da yamma sai ƙannena sun kwance fanel sun kai gida saboda ɓarayi. Abin da ya fi ɓata min rai, mai shagon ya ce zai turo yaro ya haɗa mana, sati biyu muna kira shiru, sai wani mai gyaran wuta muka biya.

Kuɗinsa ya fi ƙarfin ƙaramin manomi shi kaɗai, mu ma mu uku muka haɗa. In za ku saya ku yi adashe ko ƙungiya, kuma ku auna nisan ruwa da gonar kafin ku je shago, mu tiyon namu bai kai ba sai da muka ƙaro.