Kwaɗayin Mulki ko Girman Kai: Wanne Zai Kayar da Jarumi?

Ɗaliban adabi a nan Sakkwato sun sha tambayata wane aibi ya fi dacewa da jarumin da zai halaka. Kwaɗayin mulki ya fi sauƙin rubutawa, domin shi ke ingiza jarumi ya ci amanar ubangidansa, sannan kowane laifi ya jawo wani don rufe na baya, har magoya bayansa su watse. Haɗarinsa shi ne mai karatu ya daina tausaya masa da wuri. Girman kai kuwa sannu yake kisa, ta hanyar ƙin jin shawara, kuma a ganina ya fi daɗewa a rai. Kwaɗayi ya dace da marubucin wasan kwaikwayo, girman kai kuma da mai ƙagaggen labari, wanda ke da sararin shiga zuciyar jarumi.