Makarantar Freeman: aji ɗaya tal a bakin titi, kuma ya ci a je gani

Da 'yata ta ce ranar Asabar za ta kai ni wani wurin tarihi, sai na ɗauka irin manyan gine-ginen nan ne da ake yawo da mutum har ƙafarsa ta kumbura. Wata biyu ke nan ina wurinsu a Lincoln, babban birnin jihar Nebraska ta ƙasar Amurka, zaman gida ya fara isata. Ta ce, "Mama, ke da kika yi shekara talatin da ɗaya riƙe da alli, wannan wurin naki ne." Muka ɗauki jikana, angon nawa mai shekara tara, muka nufi kudu. Ba mu cika awa ɗaya ba muka shiga garin Beatrice, daga nan mil huɗu yamma sai ga wurin, Homestead National Historical Park. Ba a biyan ko sisi a ƙofa.

An kafa wurin ne a 1936 don tunawa da dokar rabon filaye da Abraham Lincoln ya sa wa hannu a 1862: gwamnati ta ba ka eka 160, ka gina muhalli, ka noma, ka zauna shekara biyar, fili ya zama naka. Daniel Freeman na cikin na farkon da suka yi rajista, ranar 1 ga Janairu 1863, kuma a kan gonarsa aka yi wurin. Babban ɗakin nune-nunen, wanda aka yi rufinsa da siffar bakin garma, yana da kyau da tsabta, kuma ba su ɓoye cewa filayen da aka yi ta rabawa "kyauta" suna da masu su tun asali ba. Ƙabilar Otoe-Missouria ma a kudancin wannan ƙaramar hukuma ta Gage suke zaune har 1881, lokacin da aka kwashe su zuwa inda ake kira Oklahoma yanzu. Na yaba da wannan. Amma ni hankalina na kan makarantar.

Tana ɗan gaba kaɗan, ita kaɗai a bakin titi, ginin jan bulo da bai fi falon gidan mai rufin asiri ba. Mun yi wauta muka wuce can kai tsaye ba mu tambaya ba, sai muka ɓige da leƙe ta taga, ga iskar Oktoba tana neman raba ni da mayafina. Komawa muka yi ofis, wata ma'aikaciya mai faffaɗar hula ta biyo mu da makulli. Duk mai niyyar zuwa ya fara tsayawa ya tambayi lokacin da ake buɗewa, domin ba tare da mai bayani ba, minti goma ya ishe ka ka gama kallon komai ka fito kana cewa dama wannan ne?

An gina ta a 1872, aka yi ta karatu a ciki har 1967. Shekara 95 ke nan, ɗaki ɗaya, malami ɗaya. A takarda sunanta Gundumar Makaranta ta 21. Bulon kuwa wani Thomas Freeman ne ya gasa shi, wanda ba su haɗa dangi da Daniel ba, suna ne kawai ya zo ɗaya.

Abin da ya fara kama idona murhun ƙarfe ne na ɗumama ɗaki. Na tsaya kusa da shi, na koma kusurwar baya na tsaya, don in auna abin da na riga na sani: na kusa zai yi gumi, na nesa yatsunsa su ƙage. Sai kujerun katako masu ƙafar ƙarfe, da ƙananan allunan dutse da yara ke rubutu a kai su goge. Angona ya zauna a ɗaya, ya ɗaga kai ya ce, "Kaka, ina 'yan aji huɗu suke zama?" Na ce nan. "'Yan aji ɗaya fa?" Na ce nan ɗin dai. Ya dube ni kamar na zolaye shi.

Haka tsarin yake a makarantun karkarar Amurka na wancan zamani, daga aji ɗaya har takwas a ɗaki guda. Malama ta kira rukuni ɗaya gaba su biya karatunsu na 'yan mintuna, sauran suna aiki a kujerunsu, kunnensu kuwa na gaba. Ƙaramin yaro kafin ya kai ga lissafin rabawa ya ji ana yinsa shekara uku. Wanda ya taɓa koyarwa ya san amfanin wannan, ya kuma san azabarsa: jadawalin darasi fiye da ashirin a rana ɗaya, a kan mutum ɗaya. Kuma aikin bai tsaya a allo ba. Ita za ta riga kowa zuwa ta hura wuta, sau da yawa da totuwar masara tunda itace ya yi ƙaranci a wannan fili, ita za ta share, ita ce mai jinya in yaro ya faɗi. Da yawansu 'yan mata ne da ba su kai ashirin ba, suna kwana a gidajen iyayen ɗalibai, manyan samari kuma ba sa leƙo aji sai da hunturu bayan an gama aikin gona, wasu sun fi malamar tsawo. Ma'aikaciyar ta ambaci guguwar dusar ƙanƙara ta 12 ga Janairu 1888, wadda ta faɗo da rana tsaka yara suna makaranta, ta kashe mutum sama da 200 a wannan yanki na ƙasar. Malama ta zaɓa: ta sallami yara, ko ta riƙe su ta ƙona kujeru har gari ya waye. Na sake duban murhun nan.

Dalilin da ya sa irin waɗannan makarantu suka bazu kamar an shuka su, tun a awon ƙasa yake. Dokar 1785 ta yanka filaye gunduma-gunduma, kowace mil shida tsawo mil shida faɗi, aka kasa ta gida 36, kowane gida eka 640, aka ware gida na 16 don kuɗin haya ko na sayarwarsa ya tafi ga ilimi. A Nebraska har da na 36 aka ƙara. Maƙwabta su haɗu su zaɓi 'yan kwamiti, su gina aji inda yaro zai iya takawa da ƙafa. Wannan gundumar sunanta Blakely, kuma a da ɗakin nan shi ne rumfar zaɓenta, shi ne zauren muhawara, a ciki kuma wata majami'ar Lutheran ta riƙa taruwa.

Labarin da ya fi tsaya min a rai shi ne na shari'a. A 1899 Daniel Freeman ya nemi malamar ajin, Edith Beecher, ta daina karanta Baibul da addu'a da waƙoƙin coci a lokacin karatu. Ta ƙi, kwamitin makaranta ya goya mata baya, ƙaramar kotu ma ta ba su gaskiya. Bai haƙura ba. A 1902 kotun ƙolin Nebraska ta ce abin da ake yi ibada ce da koyar da aƙidar wani ɓangare, ya saɓa wa tsarin mulkin jihar. Sai bayan shekara 60, a 1962 da 1963, kotun ƙolin ƙasar baki ɗaya ta yanke makamancin haka. Zuciyata ta rabu biyu a nan. A matsayin malama na tausaya wa matar da aka kai sunanta har kotun ƙoli a kan abin da take ganin alheri ne. A matsayin kakar yaro Musulmi da ke zaune a ajin gwamnati a wannan jiha, na san inuwar wa yake sha. Na ji daɗin yadda ma'aikaciyar ta ba da labarin, ba ta mai da kowa mugu ba.

Wanda ke neman abin kallo mai ɗaukar ido, wurin ba nasa ba ne. Amma malami, ko mai yara 'yan firamare, ya ware rabin yini, ya sa takalmi mai rufi da rigar sanyi, ya tafi da abincinsa. Akwai tsohuwar bukkar katako ta 1867 da hanyoyin yawo cikin doguwar ciyawa mai eka 100, mu dai iska ta hana mu nisa.

A mota angona ya yi shiru har muka wuce Beatrice, sannan ya ce shi da a lokacin yake, kusa da murhu zai zauna. Uwarsa ta ce ai ba ɗalibi ke zaɓa ba. Ya ce to ai kakarsa ce malamar.