Maijego da Gyaɗa: Ta Ci ko Ta Ƙaurace?

Masu shayarwa sun sha tambayata: su bar gyaɗa don kare jariri daga borin jini, ko su ci abinsu?

Ƙauracewa ba ta cin kuɗi, amma tana da wuya a gidan da kunun gyaɗa ke jiran maijego kowace safiya, ga ƙuli-ƙuli a kwaɗon zogale. Abin da ya fi damuna, uwa ta rasa abinci mai gina jiki kuma mai araha a lokacin da ta fi buƙatarsa. Kariyar ma ba ta tabbata ba: ƙungiyar likitocin yara ta Amurka ta ba da shawarar ƙauracewa a 2000, ta janye a 2008 saboda rashin hujja.

Cin gyaɗar uwa kuwa, shi kaɗai ba rigakafi ba ne. Wani bincike na Ingila da ya fito a 2015 ya nuna raguwar borin da kusan kashi 80 cikin ɗari ne a jariran da su kansu aka fara ba gyaɗa da wuri. A nan wajenmu, bayan jariri ya kai wata shida, a niƙa gyaɗar a dama masa a kunu. Ƙwayar da ba a niƙa ba tana shaƙe yaro.

Ƙauracewa ta dace da uwar da gyaɗa ke tayar mata da bori, ko wadda likita ya hana. Uwa mai lafiya ta sha kununta. Jariri mai ƙaiƙayin fata mai tsanani kuma, sai likita ya fara duba shi kafin a ba shi gyaɗa.