Iri, dashe ko kafet na ciyawa: wanne ya fi in za ka sabunta ciyawar filin golf?

Yawancin masu filin golf da zarar sun ga ciyawa ta fara sanƙo sai su kira mai sayar da iri, ni kam a ganina nan ne kuskuren farko. Kafin ka zaro kuɗi, ɗauki wuƙa ka yanko ƙasar wurin da ya mutu ka duba cikinta da kyau. In ka ga wani baƙin layi yana wari kamar ruɓaɓɓen ƙwai, to ruwa ne ke kwanciya, iska ba ta kai wa saiwa, kuma ko wane iri ka zuba haka zai sake mutuwa. In kuwa matacciyar ciyawa ce ta taru a sama kamar soso, wannan aikin injin huda ƙasa ne da zuba yashi, wataƙila ma ba sai an tayar da komai ba.

Wurin ramin nan da ake kira girin shi ne mai cin kuɗi. Tsarin da hukumar golf ta Amurka, USGA, ta fitar tun 1960 shi ne bututun magudana a ƙasa, tsakuwa kamar santimita 10, sannan yashi mai ɗan gauraye santimita 30 a sama. In girin ɗinka ba haka aka gina shi ba kuma kullum yana jiƙe, gara ka yi aikin sau ɗaya ka huta.

To sai zancen wace ciyawa. A nan yanayi ne ke yanke hukunci, ba abin da ka gani a talabijin ba. Bentgiras tana da kyau ba ƙarya, ana aske ta har kusan milimita 3 ƙwallo na gudu a kanta sumul, amma ciyawar sanyi ce, in zafi da gumi suka haɗu sai cutar fangas ta kama ta, ka koma kullum feshi da ban ruwa da hannu. Augusta National, shahararren filin golf na Amurka, na amfani da ita a girin, sai dai su fa suna rufe fili duk lokacin zafi, kai za ka iya? Filin Pinehurst No. 2 na Amurka ma bayan gasar US Open ta 2014 sauya nasu girin suka yi daga bentgiras zuwa ciyawar bamuda.

Bamuda ita ce jarumar wurin zafi, tana jure tattaki, in sanda ta ɓantare ta nan da nan ta rufe wurin, amma ba ta shiri da inuwa ko kaɗan, in akwai manyan bishiyoyi a gefe sai ta yi ta ramewa. A irin wannan wuri zoyisiya ta fi, ga ta ba ta cin taki sosai, matsalarta nawa, tana daɗewa kafin ta rufe ƙasa. In kuma ruwanka na da gishiri to fasfalam za ka nema. Filin gasar Olamfik na Rio a 2016 haɗa su aka yi, zoyisiya a tsakar fili, fasfalam a girin. Raigiras kuwa cikin mako ɗaya zuwa kwana 10 ta tsiro, shi ya sa ake yafa ta kan bamuda lokacin sanyi don fili ya zauna kore, amma zafi na zuwa za ta tafi.

Yanzu yadda za a sa ta. Iri ya fi sauƙin kuɗi, sai dai ka shirya rufe wurin na watanni, ga tsuntsaye ga ruwan sama mai wanke shi. Kuma abin da mutane da yawa ba su sani ba, manyan bamuda irin su Tifway 419 da aka fitar a 1960 a Tifton ta jihar Jojiya da TifEagle ba sa yin iri sam, haɗe-haɗe ne, sai dai dashen saiwa ko kafet. Duk wanda ya kawo maka buhu ya ce irin Tifway ne, ka mayar masa da kayansa. Dashe na tsaka-tsaki, ni shi na fi so a babban fili, amma makonnin farko in ya bushe na yini guda ka yi asara. Kafet, wato ciyawar da ake yankowa da ƙasarta a naɗe, ita ce mafi tsada da sauri, ta dace da gangara da bakin ramin yashi. Ka dai tambaya a kan wace ƙasa aka rene ta, don in ka shimfiɗa mai laka a kan girin na yashi ka toshe wa ruwa hanya da hannunka.

In iri ka zaɓa, karanta takardar jikin buhu: kashi nawa ke tsirowa, yaushe aka gwada, akwai irin ciyawar banza a ciki ko babu, musamman Poa annua da in ta shiga girin fitar da ita sai an sha wuya. Irin da aka lulluɓe ƙwayoyinsa da hoda kuma kusan rabin nauyinsa rufin ne, da wannan za ka kwatanta farashi. Bamuda ba ta tsirowa da kyau sai ɗumin ƙasa ya wuce digiri 18 na Celsius, sannan kafin motar kaya ta iso ka kunna duk famfunan ban ruwa ka tabbatar kowanne na kai wa inda ya kamata.