Aristofanis ko Minanda: wanne za ka fara saya?

Idan kuɗin littafi ɗaya ke hannunka, kuma wasan barkwancin tsohuwar Girka kake nema, zaɓin bai wuce biyu ba. Cikin ɗimbin marubutan barkwanci na birnin Atina, Aristofanis da Minanda ne kaɗai wasanninsu suka iso mana yadda za a karanta daga farko zuwa ƙarshe.

Aristofanis ya rubuta wasanni wajen 40, 11 suka tsira. Bakinsa ba linzami. A shekarar 424 kafin haihuwar Annabi Isa ya yi wa Kiliyon, ɗan siyasar da ke tashe, wankin babban bargo a bainar jama'a. Da shekara ta zagayo, sai ga masanin falsafa Sokiratis a wani wasan Aristofanis rataye cikin kwando, wai yana nazarin rana. A wasan Lysistrata kuwa mata ne suka ƙaurace wa shimfiɗar mazajensu sai an daina yaƙi.

Sai dai habaicinsa na 'yan gari ne. In ba sharhi, rabin abin dariyar zai wuce ka ba ka sani ba. Don haka tun a shago ka buɗe ƙarshen littafin ka ga yawan bayanan. Bugun Penguin da na Oxford suna da su, kuma ba su da tsada sosai. Na Loeb mai koren bango, Girkanci a hagu Turanci a dama, sai ka haɗa juzu'i huɗu kafin ka samu duka 11. Bar wa mai koyon Girkanci. Tsofaffin fassarorin da ke intanet kyauta kuwa yawancinsu sun sakaye batsar. Wani zai ce gara haka, amma ko su ba na yara ba ne.

Minanda ya zo daga baya, harkarsa rigimar gida: aure, sadaki, jaririn da aka tsinta. Ya rubuta fiye da 100, suka ɓace, sai a ƙarni na 20 aka tono wasu a rairayin Masar. Guda ɗaya ne kusan cikakke, Dyskolos, labarin wani tsoho mai baƙin rai da ya faɗa rijiya. A 1958 aka fara buga shi, don haka duk fassarar da ta girmi wannan shekara babu shi a ciki. Sauran kuwa kana cikin karatu za ka ci karo da giɓi.

Ni dai da Aristofanis zan fara, juzu'in da ke ɗauke da wasansa Frogs, wato Kwaɗi.